Mai Neman Ƙarfen Iyaka

A gefen hanyar Zakirai na gan shi, dogo siriri mai koɗaɗɗiyar hula, yana yawo da na'urar gano ƙarfe tsakanin gonaki biyu. Ina jin tsofaffin kwabbai ya saba nema don sha'awa. Yau kuwa masu gonakin, wa da ƙane, sun kira shi ya nemo guntun garmar da mahaifinsu ya binne a kan iyaka.

Su biyun suna tsaye, kowa da fartanya, ba mai kallon wani.

Na'urar ta yi ƙara, taku biyar cikin geron wan. Gumi yana bin wuyan mutumin.

"Malam, mene ne?" in ji ƙanen.

"Tsohuwar ƙusa ce kawai," ya amsa, bai tona ba.

Amma ƙafarsa ta ƙi barin wurin.