Lahadin da na karanta wa kakannina labarin tafki

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Lahadi abin ya fara lalacewa. Na riƙe lokacin ne domin akwai agogon bango a zauren kakana, kuma shi nake kallo duk sa'ad da kunya ta hana ni kallon mutane.

Kakanni maza biyu gare ni. Na wajen uba yana nan Illela, tsohon ma'aikacin en'e. Na wajen uwa yana Ƙonni, ƙetaren iyaka, manomin albasa. Aminai ne tun kafin su zama surukai. Kowace Lahadi, ranar kasuwarmu, na Ƙonni zai sayar da albasarsa, ya zo zaure rigarsa na ƙamshinta, su raba goro, a karanta musu jaridar Hausa da direbobi kan kawo daga Sakkwato. Dukansu sun iya ajami, boko ne bai shige su ba.

Yayana ne mai karatun kafin ya tafi makarantar kwana. Sai daga baya na gane shi tsallake yake yi: in ya hango magana mai ɗaci ya haure ta, ko ya sassauta ta da bakinsa. Ni ban san ana haka ba. A makarantar allo aka koya mini cewa ba a tsallake harafi, don haka nake bin jarida da yatsa, layi bayan layi, kamar mai biya allo.

Bazara ce, zafi ya kai inda tabarma ma ɗumi take yi. A shekarar sojojin Najeriya da na Chadi suna faɗa a kan wasu tsibirai na Tafkin Chadi. Mu da tafkin akwai nisan duniya, amma kawuna, autan kakana na Ƙonni, can ya tafi fataucin bandar kifi, kuma tun da aka fara harbe-harbe ba a ji ɗuriyarsa ba.

"Amarya," in ji kakana na Ƙonni, haka yake tsokanata, "duba mani ko an ce wani abu bisa mutanen da ke cikin ruwa."

Na fara karantawa. Ko a lokacin na lura da wani abu, sai dai ban san sunansa ba. In namu sun shiga tsibiri, an ce sun ƙwato shi. In nasu sun shiga, sun mamaye. Babban namu ya bayyana, babban nasu ya yi iƙirari. Namu da suka mutu sun riga mu gidan gaskiya, har da addu'a a ƙarshen layi. Nasu kuwa an hallaka su, ba ko uffan. Can ƙasa aka zo kan masunta da fatake na ƙasashen maƙwabta da faɗan ya rutsa da su. Jaridar ta kira su baƙin haure masu cin arzikinmu, ta ce an kakkaɓe su daga tsibiran.

"Mi anka ce?" in ji na Ƙonni. "Maimaita wurin nan."

Na maimaita, da kyau, ban rage komai ba.

"Kakkaɓe," ya ce a hankali. "Kamar ƙaiƙayi ga riga."

Sai ya jawo takalmansa ya fita. Bai shiga cikin gida ya ga mahaifiyata ba. Lahadi ta gaba an gan shi a kasuwa, bai zo zaure ba. Haka ta bayanta. Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yi girbi, gefen tabarmar da yake zama yana nan babu kowa.

Kakana na Illela bai daina sayen jarida ba, ni ma ban daina karanta masa ba, amma muryata ta yi ƙasa har yakan ce, "Ɗiyar nan, ko yunwa kike ji?" Tambaya ɗaya ke cina: ni na kori tsohon nan? Na tambayi malamin ajinmu, ya ce haka ake rubutu lokacin yaƙi. Na tambayi mahaifina, ya ce ba maganar yara ba ce. Mahaifiyata ban iya tambayarta ba, domin ƙanenta ne ya ɓata.

Da shekara ta zagayo aka rufe iyaka. Tana rufe kakana na Illela ya rasu. Masu bin hanyar daji sun kai saƙo, ta'aziyya ta dawo ta bakin wani mai jaki. Kawu kuwa har yau shiru.

Yanzu na tsufa, ba mai karanta wa kowa jarida a zaure. Labari a waya yake zuwa, kowa da tasa. Ƙasashen da ake faɗa a kansu sun canja, kalmomin suna nan yadda na bar su: wannan ya ƙwato, wancan ya mamaye. Nakan karanta layi biyu in kife wayar. Na gaji.

A wancan lokacin, bayan an buɗe iyaka, mahaifiyata ta tafi da ni Ƙonni. Na sami kakana a inuwar rumbu yana zaɓen irin albasa, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina murza bakin mayafina kafin tambayar ta fito.

Ya dube ni ya girgiza kai.

"Ke mi kika yi, amarya? Abin da anka rubuta kika karanta. Mai takarda bai san ɗana ba, ba ni da ƙorafi gare shi. Amma kakanki na Illela shi ya raɗa ma yaron nan suna. Ke ba ki ɗaga ido ba, ni kuwa shi nike kallo. Da kika kai wurin nan, gyaɗa kai ya yi."