Ranar da na raka Sagiru ban kwana

Cikin shekarun da na yi ina kula da ɗakin atisayen judo, ranar da na raka Sagiru ban kwana ba ta taɓa fita raina ba. Aikina shi ne shara, shimfiɗa katifun da ake kokawa a kai, da ajiye sikeli. Ku sababbin ma'aikata kun san sikelin nan, amma bari in yi bayani saboda wanda bai sani ba. A judo kowa yana kokawa ne da sa'ansa a nauyi. Kafin gasa ana auna mutum. In ya ɗara ajinsa ko da kaɗan ne, an cire shi ke nan, ba a jin magiya.

Sagiru ɗan Ƙofar Wambai ne, shi aka zaɓa ya je wata babbar gasa a ƙasar waje. Ana gab da tafiya nauyinsa ya tsaya cif a kan iyaka. Koci ya kira ni gefe.

"Malam Habu, yau zai zaga dangi. Ka san garin nan. Ka bi shi, duk abin da aka ajiye a gabansa, kai ne za ka ci."

Na ce to. Na ɗauka wannan ne aiki mafi daɗi da aka taɓa ba ni.

Muka fita bayan Azahar. A gidan kawunsa na ci shinkafa da wake. A gidan yayarsa na ci dambu, mijinta yana kallona yana dariya, wai ni zan hau jirgin ko Sagiru? Duk inda muka shiga Sagiru yakan ce an hana shi, a yi masa addu'a mu fito. Muna cikin lungu sai ya rage tafiya.

"Baba Habu, saura gidan Inna Dije. Can kam ban san yadda za mu yi ba."

Inna Dije kakarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. A ruga aka haife ta, tsufa ne ya zaunar da ita cikin ganuwa. Muka same ta a kan tabarma, ƙwarya rufe da faifai a gefenta. Tun safe ta aika aka samo mata nono mai kyau, ta dama furar da hannunta, hannun da yanzu rawa yake yi.

"Ga mijin nawa," ta ce. "Dube shi, wuya kamar na zalɓe. Haka za ka je ƙasar mutane a ce ba na ba ka abinci? Zauna ka shanye."

Ƙwaryar ba ƙarama ba ce. Sagiru ya durƙusa. Na ga ya kai hannu ga ludayi, na kuma san in ya fara, ba za ta bar shi ba sai ta ga gindin ƙwarya. Bai dube ni ba. Ya riga ya zaɓa: gara sikeli ya kore shi da ya tafi ranta a ɓace.

Na ce, "Hajiya, a gafarce ni. Ba zai iya sha ba."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma wane ne? Guba na zuba a ciki?"

Na yi mata bayanin awo a hankali, har sau biyu.

"Awo? Rago ne shi za a kai kasuwar kara?"

Ta kau da kai, ta ja mayafi. Na sake matsawa kusa, na ce mata yaron nan ya daɗe bai ƙoshi ba. Na faɗa mata yadda nake ganinsa yana kuskure baki da ruwa ya tofar bayan atisaye, abokansa na cin tsire yana juya musu baya. Na ce duk wannan wahalar tana iya tafiya a banza a kan ƙwaryar nan.

Can sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Yayana in zai shiga sharo, haka yake yi. Innarmu ta kawo masa nono ya ƙi. Ta yi ta fushi, shi kuma ya shiga daji ya yi kuka."

Ta ɗauki ludayin, ta ɗebo ɗan kaɗan, wanda bai fi ya jiƙa leɓe ba, ta kai bakinsa da kanta. Sannan ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Da ta gama ta turo mini ƙwaryar.

"Kai mai baki, shanye. Ka bar ko ɗigo, mu haɗu."

Na shanye, a kan shinkafa da dambu. Da ƙyar na kai gida.

Sagiru ya tsallake awo, ya yi kokawarsa, ya samo lambar tagulla. A waya muka gan shi tsaye tare da sauran waɗanda aka rataya wa lamba, mutanen ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Yaran ɗakin atisaye na ta murna, ni kuwa fuskokin nake kallo. Duk a rame suke, iri ɗaya da tasa.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. In kun ga ɗan wasa ya ture abinci, ba girman kai ba ne, kuma ba shi kaɗai abin yake yi wa ciwo ba. Wanda ya dafa ma yana da hakkin a zauna a yi masa bayani, ko sau nawa ne, har ya yarda da kansa. Ba a rubuta wannan cikin aikinmu ba, amma aikinmu ne.