Mama Tana Gyaran Murya

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar Lahadin da na kai wa Baba laftof ɗina bayan an sauya mata faifan ajiya.

Sabuwa fil na saye ta a shekarar da Mama ta rasu, kuma waƙoƙinta na fara zubawa a ciki. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Manchok, don haka gida-gida na bi na tattaro duk abin da matan suka ɗauka da wayoyinsu. Kowace Lahadi bayan sujada sai in hau mota daga Kafanchan, inda nake koyarwa, in je in kunna wa Baba.

Amma kai, laftof ɗin nan akwai nawa! In ka kunna ta sai ta yi ta ƙugi ƙasa-ƙasa, kai ka ce ba za ta taɓa buɗewa ba. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Ina tsaki, ina buga tebur, Baba ko a jikinsa. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, jira ba baƙonsa ba ne.

"Ke, bar ta," in ji shi. "Mamanki ce ke gyaran murya. Haka take tun tana budurwa, ba ta fara waƙa sai kowa ya gaji."

Sai ya wanke hannu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ɗauko labari: yadda ya fara ganinta a tasha da buhun citta a ka, ko ranar da ta fasa tulun kiɗa a tsakiyar coci. Ni dai idona na kan allo, rabin zancen ma ba na ji.

Da abin ya ishe ni sai na kai ta wurin wani mai gyara, Ibo mazaunin Kafanchan.

"Madam, kwamfuta naka ba shi da ciwo," ya ce. "Faifai ne tsohon yayi, mai juyawa. A sa sabon faifai, SSD, kafin ka zauna ya tashi."

Na ce masa muryar mahaifiyata ce a ciki. Nan take ya daina wasa. A gabana ya kwafe komai zuwa sabon, ya kunna mini waƙa na ji, sannan ya sa tsohon faifan a wani ɗan akwati mai waya ya miƙo mini. "Kar ka yar. Yana aiki."

Ran Lahadi na isa gida ina ji da kaina. "Baba, yau za ka ga aiki!" Ya tashi ya ɗauki buta zai wanke hannu kamar kullum, ni kuma na danna. Ko tsugunawa bai yi ba, muryar Mama ta cika gidan.

Butar ta faɗi. Ya juya da sauri ya dubi ƙofar ɗakinta, wallahi kamar zai ga ta ɗaga labule. Sai ya zauna a dandamali ya fashe da kuka. Ko a wurin binne ta ban ga hawayensa ba.

"Kashe," ya ce. "Ban shirya ba. Ta iske ni a tsaye, da hula a kaina."

Da zan tafi ya ce kada in ƙara kawo ta. Wayyo, zuciyata ta karye. Abu ɗaya da ya rage masa na matarsa, ga shi yanzu yana tsoronsa. A mota na gane cewa nawar da nake yi wa tsaki, a cikinta yake tattara ƙarfin da zai saurare ta.

Lahadi ta gaba na zo da ita duk da haka, tare da ɗan akwatin nan. Na jona wayar, tsohon faifan ya soma ƙuginsa, na ɗora masa a tafin hannu. Akwatin yana ɗan rawa, da ɗumi-ɗumi.

"Baba, ga ta nan tana gyaran murya."

Ya dube ni. Sannan ya cire hula. "To, ai ranar nan a tasha ba ita ta fara magana ba..."

Na naɗe hannuwana ban taɓa komai ba. Ranar na ji labarin har ƙarshe, ashe shi ya ɗauki buhun cittar har kasuwa, ta ƙi ko gode masa. Sai da ya gama dariya ya gyaɗa mini kai, sannan na danna.

Laftof ɗin har yau tana tashi kamar walƙiya, ban kuma yi nadamar gyaran ba. Amma tun daga ranar, in na ga tsoho yana jan lokaci ba na yi masa gaggawa. Nakan zauna tukuna in ga abin da yake yi da lokacin.