Gaɗar da Na Kai Bawku

Ranar Litinin ɗin da na fara zuwa makarantar boko a Bawku, bayan ƙaramar sallar 1988, takalmina ɗaya a kan rufin aji huɗu ya kwana. An kaɗa ƙararrawar hutu, 'yan mata suka yi layi a bayan ajin suna ampe, wasan nan da ake tsalle a tafa a miƙa ƙafa gaba, ƙafar da kika miƙa da wadda ta gabanki ta miƙa su nuna wadda ta ci. Ni baƙuwa, cikin yunifom da ya yi mini yawa, aka tura ni gaban wata doguwa kakkaura mai suna Lamisi. Ta yi ta cinye ni har na daina sanin dama da hagu. Haushi ya kama ni, na yi shuri da dukan ƙarfina, silifas ya tashi sama ya dira a kan kwano. Lamisi ta riƙe ciki tana dariya, ta ce, "Kai, garinku ba ku wasa ne?" Hausar kasuwa gare ta, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji. Na ce muna yi mana, wanda ya fi wannan tsallen kwaɗin. Na koma gida ƙafa ɗaya a ƙasa, Mma ta murɗe mini kunne, amma ba kunnen ne ya dame ni ba. Ba ni da ƙawa ko ɗaya a garin, kuma wadda zuciyata ta so ita ce ta fi kowa yi mini dariya.

Ba wai babu ampe a Salaga inda aka haife ni ba. Kakarmu ce, Kaka Hajo, ba ta yarda da shi a gidanta, wai mace tana ɗaga ƙafa kamar jaki zai yi harbi. Kakanninta da fataucin goro suka zo garin, ba su bar mata gida mai kyau ko shanu ba, sai Hausa mai nauyi da wasan gaɗa. In mun gama jan ruwa a tsofaffin rijiyoyin unguwa, mun feraye doya, mun shanya ƙwaran kaɗanya, bayan la'asar sai ta kife turmi ta zauna ta ba da waƙa. Mu tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar bakin ƙwarya, muna tafi muna amshi. Ɗaya ta fita tsakiya ta taka, ta juya mana baya, ta taho da gudu ta saki jikinta ta faɗo. Mu tare ta, mu cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta, wata ta fita. Duk wadda ta leƙa bayanta kafin ta faɗo, Kaka za ta tsayar da waƙar ta ce, "Mai waiwaye ba ta gaɗa. Ke dai faɗo, tarewa aikin na baya ne." Gonjawan maƙwabtanmu ma 'ya'yansu na shigowa, ba a tambayar kowa 'yar wane ce.

Da Kaka ta rasu, goro kuma ya daina riƙe gida, Baba ya tafi Bawku neman hanyar cinikin albasa, ya ajiye mu a Yendi wurin wansa, Kawu Malam. Gida ne na karatu, tun asuba ake jin ƙarar allo. Mutumin kirki ne, ba ya duka, amma tafi da waƙa ba su da muhalli a gidansa. "Gidan da ake wanke allo ba a tafi a cikinsa," haka yake cewa, magana ta ƙare. Ni da ƙanwata Rabi muka koma carafke da tsakuwa a bayan madafa, muna dariya a cikin hanci. In ana biki a gidan Dagombawan da ke bayanmu, sai mu hau kan itacen girki mu leƙa ta katanga, mu ga mata manya da zannuwansu suna tora, biyu su rugo su haɗa ɗuwawu, kowa na shewa. Abin ya riƙa ɗaure mini kai, katanga ɗaya ce tsakani, a can uwa na rawa a gaban 'ya'yanta, a nan yarinya ba ta isa ta tafa hannu ba. Na fi shekara ban faɗa hannun kowa ba, har na ɗauka na manta.

To, da wannan ƙishirwar na isa Bawku, kuma ga shi na cika baki a gaban mutane. Lamisi ba ta bar maganar ba, kullum sai ta ce ina wasan naku. Bayan gidan da muke haya akwai fili da bishiyar mangwaro, inda ake ɗaure jakai ranar kasuwa. Can na tara su wata yamma: Lamisi, da Azara 'yar maƙwabtanmu da ƙannenta biyu, da wasu 'yan Mosawa da Busangawa masu tallar ƙosai. Waƙoƙin Kaka rabi sun zube mini, na cike da shirme, kowa na amshi da irin Hausarta. Ba a yi mako ba suka iya, sai Lamisi. Sarauniyar ampe, wadda ba a haɗa ido da ita a fili, ashe matsoraciya ce in an ce ta juya baya. Za ta taho da gudu kamar gaske, tana zuwa sai ta ƙame, ta ajiye ƙafa ɗaya a baya, ta zauna mana a hannu kamar tsohuwa za ta hau kujera. Ta ce a gidansu an koya mata ta kalli abin da ke zuwa mata, wannan wane irin wasa ne da mutum zai faɗi da gangan. Azara, bakinta ba ya shiru, ta ƙaga mata waƙa, wai buhun gero ya iso, 'yan dako ku ware hannu. Muka yi ta yi mata har damina ta wuce. Ranar da ta rufe ido ta faɗo gaba ɗaya, da ƙyar muka cilla ta, amma ta tashi sama, ta dira, ta tsaya tana haki tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar kwanonmu ɗaya ni da ita a makaranta, ita ta koya mini ampe, ni nake yi mata kitso.

Sai rikicin manya ya taso a garin, na sarauta da ƙasa, abin da ya girme mu duka. Mutanen Lamisi suna gefe ɗaya, mutanen Azara suna ɗayan. Mu 'yan zango Baba ya ce ba namu ba ne, mu kama bakinmu. Aka rufe makaranta, kasuwa ta watse, albasar Baba ta ruɓe a ɗaki. A cikin wannan aka ji wa wan Azara rauni a hanyar gona, bai sake tafiya daidai ba. Da ƙura ta lafa aka buɗe makaranta, kowa ya dawo, amma zaman aji ya rabu biyu ba tare da wani malami ya raba ba.

Gaɗarmu ta ci gaba a gindin mangwaro, mu kaɗan, ni da Rabi da Azara da ƙannenta. Wata yamma muna tsakiyar waƙa sai ga Lamisi da daro a ka, wai an aike ta sayar da ganyen albasa, alhali unguwarmu ba hanyarta ba ce. Ta sauke daron, ta shiga layi tana tafi. Wallahi daɗi ya cika ni. Azara ba ta fita daga layin ba, sai dai ta sunkuyar da kai. Da layi ya zo kan Lamisi ta fita, ta taka, ta juya, ta taho kamar yadda muka sha wahalar koya mata, ba ta waiwaya ba. Azara da ƙannenta suka mai da hannuwansu baya. Ni da Rabi muka tare, amma ina, nauyin ya fi ƙarfinmu, muka zube tare, ƙeyar Lamisi ta bugi saiwar mangwaron. Ta jima a kwance tana kallon sama. Sannan ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta ɗora daronta da kanta, ta ce, "To, na ji. Sai an jima."

Bayan ta tafi Azara ta fashe da kuka. "Mma ta ce in na taɓa ɗayansu ba ta yafe mini nononta ba," in ji ta. Na so in tsane ta, na kasa. Yarinyar da uwarta ta ɗora wa wannan magana, me za ta yi? Washegari na kai wa Lamisi ƙuli-ƙuli makaranta, ta karɓa, ta gode, har ta tambayi Rabi. Amma ba ta sake taka unguwarmu ba, kwanonmu ya rabu, gaɗa kuma ta mutu a gindin mangwaron nan. Ampe ne ya rayu. Shi ana yin sa ko da wadda ba kwa magana, tunda ba a taɓa juna, kuma na sha ganin Lamisi da Azara suna karawa a bayan aji, fuska a murtuke, ƙura na tashi. Da muka gama firamare aka tura Lamisi wurin 'yan uwanta a kudu, ban san inda take ba har yau.

Yanzu ina aure a Yendi, gashina ya fara fari, gidan cike yake da 'yan mata, nawa da na maƙwabta. Ba mai hana su tafi, ba mai hana su waƙa, amma in sun gama aiki kowace gefenta take ja da waya a hannu, ko su baje ludo a tabarma. Wata rana na tashe su na jera su a tsakar gida, na ba da abin da ya rage mini na waƙa. Suka yi dariya, suka yi amshi, sai dai duk wadda ta taho sai ta leƙa bayanta, ta ajiye ƙafa ɗaya. Ƙaramarsu ta ce, "Mma, ke ki fara mu gani." Na fita tsakiya, na juya, na ji hannuwansu a bayana suna jira. Na daɗe a tsaye, sannan na ce musu bayana na ciwo, na koma kan kujerata. Bayana lafiyarsa ƙalau.