Turaren Kawu a Ɗakin Gwaji

A wani ɗakin gwaji na jami'a a New York, aikina shi ne aika saƙo ta cikin hasken lesa, wani siririn haske mai tafiya a miƙe, daga wannan bango zuwa wancan, da gudun da waya ba ta iyawa. Irin wannan haske ba ya shiri da ƙura ko hayaƙi, don haka na yi ta tace iskar ɗakin har ta fi ta asibiti tsabta. Saƙo ya riƙa isa lafiya lau. Sai dai a tsabtatacciyar iska hasken ba ya ganuwa, ɗigo ɗaya kawai ake gani a bango.

Masu ba da tallafi suka sa ranar zuwa duba aikin. In ba su sabunta tallafin ba, takardar zamana a ƙasar ta mutu. Na faɗa wa Kawu, Bamaraɗen da nake haya a gidansa a unguwar Harlem, mai sayar da turaren wuta. Ya zura babbar riga ya biyo ni, wai zai taya ni da addu'a.

Baƙi suka zauna, na shiga bayani ina nuna lambobi a allo. Wata ta yi hamma, wani yana satar kallon agogo. Can sai na ji ƙamshi. Ashe Kawu ya jona ɗan kaskon turarensa na lantarki a bayan ƙofa.

"Kawu, don girman Allah kashe shi!" na ce ƙasa-ƙasa.

"Kai dai yi ta Turancinka, yaro. Manyan baƙi a ɗaki mai warin magani? Ba a gabana ba."

Hayaƙi ya isa tsakiyar ɗaki, sai ga hasken ya fito kamar shuɗin zare a miƙe. Lambobin allo suka rikito, saƙo ya watse. Baƙi kuwa suka miƙe suna ɗaukar hoto, mai hamma ta ce sai yanzu ta fahimci aikin. Farfesana, mutum mai kishin gaskiya a cikin aji, ya matsa a hankali ya tare allon da bayansa.

Aka sabunta aikin, na zauna. Tun daga nan duk ranar da za a yi baƙi sai Farfesa ya tambaye ni ko kawun nan nawa yana gari. Shi kuma Kawu har yau yana faɗa a ƙofar masallaci cewa yaron yana da ilmi, turare ne dai ba a koya masa ba.