Dogon Madubin da Ya Kore Mana Shanu

Kaka ce, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran wuƙa. Amfani ya yi kyau a shekarar, amma fuskokin mutane ba su sake ba, domin jangali ya yi zafi da damina. Malaman jangali sun bi shanu har cikin dajin da ba su saba shiga ba, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa daga cikin gari ake kai musu tsegumin inda aka ɓoye garke. Bafulatani zai gaishe ka a kasuwa, amma idonsa yana kan bakinka.

Mijina ya rasu ya bar mana gona a hanyar Malisa. Jigawa ce, ba ta yin komai sai da taki. Tun yana da rai akwai wani dattijon Bafulatani da ke sauka da garkensa a cikinta bayan girbi. Shanu su ci kara, su bar mana kashi, mu kuma mu kai masa dammunan gero. Da takin nan nake ciyar da ƙananan yarana. Baffa muke ce masa, ni da 'ya'yana duka.

Babban ɗana, ɗan fari ne ba na kama sunansa, ya koyo ɗaukar hoto a Sakkwato. Yana da akwati mai ƙafa uku, wanda sai ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle yake ganin wanda zai ɗauka. Direbobi da tsofaffin sojoji su ne masu zuwa masa. Kullum kukansa madubin akwatin ba ya kamo abu sai an matso kusa, shi kuwa masunta yake so ya ɗauka suna tsakiyar gulbi, da 'yan kokawa daga bayan taro.

Mun je suna gidan ƙanwata a Kalgo, ya tafi da akwatinsa. Ranar kasuwa ce, muka biya ta wajen wani dillali mai sayar da tarkacen Turawan da suka tashi: fitilu, kujerun zane, kwanonin sha. A cikinsu ɗana ya hango madubin. Dogo ne kamar guntun rake, bakinsa ya lotse, fentin ya goge har jan ƙarfe ya fito. Na karɓa na juya shi. Akwai baƙaƙe a gefensa, na gane su ɗaya ɗaya saboda ajin yaƙi da jahilci, amma ba su haɗa wata kalma da na sani ba. Da na ɗaga shi ga rana sai na ga wani fari-fari a ciki kamar saƙar gizo. Na ce a hankali, ai wannan damshi ya shige shi.

“Inna, ba tukunya ba ce da za ki ƙwanƙwasa,” in ji dillalin. “Ba shi kayansa, ki koma layin daddawa.”

Na miƙa wa ɗana. Ya kafa akwatin nan tsakiyar kasuwa, ya cire ɗan madubinsa ya riƙe dogon a gurbin, ya juya shi wajen fadama ta hanyar Diggi, inda shanu suke can nesa kamar an watsa farin wake. Ya daɗe cikin ƙyallen. Mutane suka taru. Dillali ya ga kasuwa ta zo masa, sai ya ɗaga murya yana cewa Baturen da ke da shi daga inuwa yake zama ya ƙidaya shanu da shi, ko ɗan maraƙi ba ya ɓuya. Ko gaskiya ne ko zaƙin baki ne, har yau ban sani ba. Abin da na gani shi ne ɗaya daga cikin Fulani masu nono da ke bayanmu ta rufe ƙwaryarta da faifai ta tashi. Na ja hannun rigar ɗana na ce mu tafi. Ya fito daga ƙyalle idonsa yana ƙyalli, bai ma ji ni ba. Agogon hannunsa da babbar rigar da ya zo suna da ita ya bar wa dillalin a bakin kuɗin, ya naɗe madubin a rawani kamar jariri.

Labari ya riga mu isa garinmu Gwandu. Masu nono suka daina tsayawa a ƙofarmu. Maƙwabcinmu ya ƙara wa dangarsa tsawo, wai abin yana leƙa cikin gidajen mutane. Matar Baffa, wadda takan sauke ƙwarya a ɗakina ta yi azahar, na haɗu da ita a bakin kasuwa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Sannu, uwar malamin jangali. Nawa ya samu a garkenmu? A gaya muna, mu ma ba mu sani ba.”

Na ce mata hoto yake ɗauka, ba ruwansa da En'e da jangalinta. Ta ce ba haka ɗan uwanta na Diggi ya ji da kunnensa a kasuwar Kalgo ba, ta wuce. Ɗana kuwa ya kai wa baduku ya yi wa madubin wuyan fata don ya zauna a akwatin, kullum da yamma yana kan tudun bayan gari yana auna shi wajen daji. Na ce ya bari. Ya ce gwaji yake yi. Duk mai kiwon da ya wuce yana ganinsa.

Aka yanke dawa. Baffa ya kawo garkensa, amma bai shiga gonarmu ba, ya tsaya a saurar da ke gefenta. Na san jira yake a zo a yi masa bayani. Na shirya goro na ce wa ɗana ya raka ni, ya bar akwatin a gida. Ya ƙi. Ya ce in Baffa ya leƙa da idonsa zai ga babu komai a ciki, magana ta ƙare.

Bayan la'asar muka isa. Baffa ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ɗana aka bar shi tsaye. Samarin ruga suna gefe, kowa ya rataya sanda a kafaɗa. Ɗana ya yi ta bayani, Baffa yana sakace. Daga ƙarshe ya tashi, ya ce don darajar mamaci zai duba. Aka juya madubin wajen garken, ya cire malfa ya sa kai cikin ƙyallen.

Abin da ɗana ya manta, saboda ya saba, shi ne duk abin da ke cikin akwatin nan a kife yake fitowa.

Baffa bai daɗe ba ya fito. Fuskarsa ta canja. Ya ce ya ga shanunsa kusa da shi har yana gane kowace, kuma dukansu ƙafafu sama, ƙaho ƙasa, ga wani farin abu ya lulluɓe su. Ya ce rabonsa da ganin shanu haka tun yana yaro, shekarar da cutar bushiya ta kwantar da garken ubansa. Sai ɗana ya yi dariya. Ba da mugunta ya yi ba, yana so ya ce ai mutane ma haka suke fitowa, amma dariyar ta riga bayanin.

“Kaɗo, ka kife mini dukiya ina tsaye, kana dariya.”

Wani daga cikin samarin ya kai wa ƙafar akwatin sanda, ɗana ya rungume shi kafin ya faɗi. Baffa ya ɗaga hannu, saurayin ya ja baya. Na roƙa a bar ni in leƙa. Na gani, haka ne, har da bishiyar gawo saiwarta a sama. Na san shanun suna tsaye, ga su ina jin kukansu, amma ni ma da sauri na zare kaina daga ƙyallen.

Baffa ya juyo gare ni, bai ƙara kallon ɗana ba. Ya ce tsakaninsa da mijina babu komai sai alheri. Ya ce zancen jangali ma ya bar shi. Amma shanunsa ba su kwana a gonar gidan da wannan abu yake kwana. In an fasa shi nan gabansa, gobe garke ya shiga gona.

Na dubi ɗana. Na ce masa a hankali, kai, dubi ƙannenka. Sau ɗaya na faɗa. Ya ce, “Inna, sana'ata ce,” ya kwance madubin ya cusa a cikin riga. Baffa ya turo mini goron da na kawo da bakin sandarsa. Kafin magariba sun ɗaure kaya a kan takarkarai, garken ya miƙe hanyar Ceberu, muna tsaye muna kallo har suka shige.

A gida na zuba masa tuwo na ajiye a ƙofar ɗakinsa, ban kira shi ba.

Da safe bayan na yi salla, na share turken awaki, na kwashe tokar murhu da jujin bayan ɗaki na cika kwando. Na yi gammo na ɗauka zuwa gona. Na juye shi a kusurwar gabas, bai rufe wurin da ya kai shimfiɗar tabarma ba. Na tsaya na dubi sauran gonar har iyakarta, sannan na kakkaɓe kwandon na koma gida ɗebo wani.