Amsar da Ban Kai wa Malama Liyatu Ba

Ina roƙon Pasto da dattawan majami'armu da iyayenmu mata na zumunta su gafarce ni. Na san ba irina ke rubuta ta'aziyya ba. Ni ce Rahila, mai zama a bencin baya kusa da taga, shekarata goma sha shida, ina ajin ƙarshe a kolej. Akwai waɗanda suka san Malama tun kafin a haife ni, su ya kamata su yi magana. Amma akwai wani abu tsakanina da ita wanda ban faɗa wa kowa ba, kuma bakina ba ya iya faɗin abu a gaban mutane. Rubutu kaɗai na iya, shi ma ita ta koya mini amfaninsa.

Ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, da hantsi, Ubangiji ya kira Malama Liyatu, matar Baba Ishaya, shugabar zumuntar 'yan mata ta majami'armu a nan Akokan. Ta rasu a asibiti a Arlit bayan jinyar ciwon ƙirji. Goggona ce ta gaya mini da na dawo daga lakwal, wato makaranta. Na ajiye jakata, na zauna a ƙasa, na kasa kuka.

Malama, bari in yi magana da ke yadda na saba.

Kin tuna shekarar da aka rufe ramin ma'adinai na garin nan. A shekarar mahaifiyata ta rasu, babana ya rasa aiki ya tafi wajen haƙar zinariya, aka bar ni hannun goggo. Sai magana ta ƙafe mini. Ana tambayata ina kallon ƙasa. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce taurin kai ne. Ke ba ki ce komai ba. Wata Lahadi bayan sujada kika miƙo mini sabon kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, kika ce, "Ɗiyata, in baki ya ƙi, hannu ya gwada. Ki rubuta abin da kika ga dama, ki saka mini a kwandona. Lahadi mai zuwa ki ɗauki abinki."

Abin da na fara rubutawa layi ɗaya ne: "Ina fushi da Allah." Na yi tsammanin za ki kai wa Pasto. Da kayen ya dawo, sai na ga kin rubuta a ƙasa: "To, ki gaya masa, yana ji. Ni ma na yi fushi da shi shekara biyu lokacin da na binne ɗana na fari. Kin ci abinci yau?"

Da koren biki, wato biro, kike amsa mini. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce ja na malamin lakwal ne, ke ba gyara kike yi ba. Ko sau ɗaya ba ki ja layi a ƙarƙashin kuskurena ba. Haka muka cika kaye uku. A cikinsu na yi kukan mahaifiyata, a cikinsu kika koya mini yin addu'a da kalmomina. Ranar da na tsaya a gaban jama'a na yi karatun Lahadi, kin yi guɗa har Baba Ishaya ya rufe fuska don kunya.

Ba ni kaɗai ba ce. Mu goma sha ɗaya ne a zumunta, kowacce da kayenta, kuma babu wadda ta taɓa jin sirrinta a bakin wata. Duk Asabar kina dafa mana dambun zogale, kina cewa ba a yi wa yunwa wa'azi. Ranar jana'izarki Illi mai lambu, maƙwabcinku musulmi, ya zo da kwandon tumatir ya ajiye a ƙofar gida, ya ce wa Baba, "Malama mutuniyar kirki ce. Ita ta wanke ƙunar yarona kwana ashirin, ba ta gaji ba."

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta.

A kolej ban taɓa gaya wa kowa ni Kirista ce ba. Babu wanda ya tsorata ni. Ni ce dai ban so a dube ni daban. Ina sa hijabi kamar kowa, sunana kuma bai tona ni ba. Idan ƙawayena suka tashi salla sai in ce ina fashi.

A watan Janairu aka ce mu kawo takardar haihuwa don dosiye, wato takardun rajistar jarrabawar BEPC ta gama kolej. Tawa ta ɓata tun rasuwar mahaifiyata. Ke kika yi ta zirga-zirga zuwa Arlit har aka sake mini wata. Ta fito ranar Talata, ranar ƙarshe ta karɓar dosiye. Daga taron mata kika taso, kika hau kabu-kabu, kika zo ƙofar kolej lokacin shan iska, sanye da zanen zumunta mai gicciye a jikinsa. Kina ɗaga takardar sama kina murmushi, kina kira, "Rahila! Ɗiyata!"

Na zo na karɓa ban dubi fuskarki ba, ban durƙusa ba, ban ce na gode ba. Ƙawata da muke benci ɗaya ta tambaye ni, "Ke, wace ce wannan?" Na ce, "Ban san ta ba. Aiko ta aka yi."

Kin ji, Malama. Taku uku ne tsakaninmu. Na ga hannunki ya sauka a hankali. Kika gyara ɗankwalinki, kika koma wajen mai kabu-kabu.

Kayena yana hannunki a makon nan. Ranar Lahadi kika miƙo mini shi da kanki kamar kullum. Na kai shi gida na tura shi ƙasan akwatin goggo, ban buɗe ba. Na tabbata faɗa ne a ciki, kuma na san na cancanta, amma ba zan iya ganinsa da koren bikin nan ba. Na daina zuwa zumuntar Asabar, na ce karatun jarrabawa ne. A majami'a ina fita kafin a gama albarka. Da kika kwanta ciwo kin aiko Murna, ɗiyarki, sau biyu ta ce kina nemana. Sau biyun na ce gobe. Daga gidanmu zuwa asibitin bai fi minti goma sha biyar a kabu-kabu ba. Mako takwas na riƙe kayen nan.

Washegarin jana'iza, da rana tsaka, sai ga ƙawar tawa a gidanmu. Azumi take yi, ta tako da ƙafa, leɓɓanta sun bushe. Ta ce, "Na ji mamarku ta majami'a ta rasu. Tashi ki raka ni in yi gaisuwa." Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Me kike kallo? Shekara huɗu muna benci ɗaya, kullum kina fashin salla. Wace irin mace ce ke fashi shekara huɗu? Duk aji an sani, sakarya. Abin da ya ba ni haushi ranar nan, tsohuwa ta sha rana dominki ki ce ba ki san ta ba."

Ashe abin da na ɓoye ba a ɓoye yake ba. Na musanta ki a banza.

Da muka dawo daga gidan Baba na ciro kayen. Ga abin da kika rubuta, na kwafe shi yadda yake:

"Ɗiyata, ranar Talata na zo lakwal ɗinku da zanen zumunta ban tambaye ki ba. Farin ciki ne ya ɗauke ni, na manta yadda ake ji a shekarunki. Ki yafe mini. Ba na fushi, kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai. Yesu ya san ki ko a ranar da kika ji tsoro. An karɓi dosiyen? Kuma wannan ƙawar taki mai idanu kamar za ta yi dariya, yaya sunanta? Ki kawo mini ita ta ci dambu."

Ke kika nemi gafarata. Gafararki tana kwance a ƙasan akwati duk kwanakin da nake gudunki, kina asibiti kina jiran in zo. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Pasto ya ce wanda aka yafe wa ba ya mayar da kyautar, kuma ina ƙoƙari, amma har yanzu da nauyi.

Baba Ishaya, Yaya Murna, da dukan dangi na nan da na Maradi, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma roƙonku ku yafe mini rashin zuwana. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye. Ya Allah mai jinƙai, ka karɓi baiwarka Liyatu, ka hutar da ƙirjinta da ya gaji, ka sa mu gan ta a ranar tashi. Ka ji tausayina ni ma, ka ba ni bakin da ba zai ƙara musun wanda ya ƙaunace ni ba. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Malama, an karɓi dosiyen. Ƙawata kuma sunanta Zinatu. Ta zo gidanki, ta durƙusa a gaban Baba, amma dambun ba ta same shi ba.

Saura shafi tara a kayen. Baba, na ga kwandonta yana rataye inda ta bar shi. In kun yarda, ina neman izini in ƙara rubuta mata, in kawo ranar Lahadi in saka a ciki. Na san ba za a amsa ba. Amma ita ta yi rubutu na ƙarshe, yanzu ni ake jira.